Idan Wani Ya Sha Bilic: Abin Yi Daga Tsakar Gida Har Gadon Asibiti

Bilic, ruwan nan mai wari da ake wanke fararen kaya da banɗaki da shi, ba shi da makari. Babu allura, babu ƙwaya, babu jiƙon da zai bi shi ciki ya karya ƙarfinsa, ko a gida ko a asibitin koyarwa. Na fara da wannan ne saboda neman makarin shi ke jawo yawancin ɓarnar da ake yi a mintoci goma na farko: wannan ta ɗauko manja, waccan ta matso lemun tsami, wani ya zura wa yaro yatsa a maƙogwaro. Abin da ke gaban mutanen gida da likita duka ɗaya ne: a kare numfashi, a hana abin dawowa ta hanyar da ya bi, a gano zurfin ƙunar da ya yi a ciki da wuri, sannan a bar jiki ya warke ba tare da an ƙara masa wani raunin ba.

Wane irin bilic ne, kuma nawa aka sha?

Bilic na kamfani, irin su Jik da Hypo a Najeriya ko jabel ɗin da ake saye a Nijar, sinadarin sodiyam haifokulorayit ne da aka tsinka da ruwa, yawanci kashi 3 zuwa 6 cikin 100. In yaro ya kurɓa, ɗacin da warin kan sa ya tofar, abin ya tsaya a zafin baki da tashin zuciya da amai sau ɗaya ko biyu. Shi ya sa za ku ji ana cewa "ai ɗan wance ma ya sha, ba abin da ya same shi." Sau da yawa haka ne. Amma ba duk abin da ake kira bilic ne ƙarfinsa ɗaya ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na haɗin gida. Tun da haɗa sabulun ruwa da bilic ya zama sana'a a unguwanni, ana sayar da shi a tsofaffin gorunan ruwa da na lemo, babu takarda a jiki, babu wanda ya san ƙarfinsa. Ana haɗa shi da garin kulorin da kostik soda, kowa da nasa awon. Sodar nan narkar da nama take yi, tana ci tana nutsawa ko bayan an haɗiye ta, kuma da yake gorar irin ta ruwan sha ce, yaro mai ƙishirwa ba kurɓa yake yi ba, kwankwaɗa yake yi. Sai garin kulorin ko dunƙulensa da ake zubawa a tanki da rijiya, wanda ƙarfinsa kan kai kashi 65 zuwa 70, da bilic ɗin masana'antu da ya wuce kashi 10. Duk wanda ya haɗiyi ɗaya daga cikin waɗannan, komai ƙanƙantarsa, asibiti ne kai tsaye. Haka wanda ya sha na kamfani da yawa, musamman babban da ya sha da gangan, domin shi ba ya tofarwa.

In ba ku san wanne ne ba, ku ɗauka mai ƙarfin ne.

Mintocin farko

Mutum ɗaya ya karɓe gorar ya ajiye ta a gefe, kada a zubar, kada a ɗauraye. Wani kuma ya tsaya kan wanda ya sha, ya sa shi magana. In babba ne a tambaye shi sunansa da abin da ya sha. In yaro ne, kukansa ya isa. Murya garau alama ce hanyar numfashi a buɗe take a yanzu. In muryar ta dishe, ko kukan ya canza, ko ana jin wata ƙara siririya duk lokacin da ya ja numfashi, to maƙogwaro ya fara kumbura. A nan babu wani abin yi a gida, sai neman abin hawa.

In yana cikin hayyacinsa, a zaunar da shi, kada a kwantar da shi rigingine. Babba ya kuskure baki da ruwa sau da yawa yana tofarwa. Ƙaramin yaro da bai iya kuskure baki ba, a sa tsumma mai tsabta da aka jiƙa a goge masa leɓe da harshe da cikin kumatu a hankali. A cire rigar da bilic ya zuba mata, za ku ga wurin ya fara kodewa, a wanke fatar da ruwa mai yawa. In ya fantsama a ido, idon ma na gaggawa ne: a buɗe shi da yatsu, a riƙa kwarara ruwa mai tsabta da buta daga gefen hanci zuwa waje na tsawon minti 15 zuwa 20. In ana sauri, a ci gaba da wankin a cikin mota.

Batun ba shi abin sha yana da sharaɗi. In yana farke sarai, yana haɗiyar miyau ba wahala, ba ya amai, numfashinsa lafiya, ana iya ba shi ruwa kaɗan-kaɗan don ya ɗauraye hanyar abinci. Babba kada ya wuce kofi ɗaya, wato wajen rabin ledar fiya wata. Yaro rabin hakan ko ƙasa. Kurɓi-kurɓi, ba ɗura ba, domin cika ciki da ruwa amai yake kawowa. Madara ba ta fi ruwa ba a nan, kada a ɓata lokacin aike kanti. In kuwa miyau na dalala, ko ya ce haɗiya na masa zafi, ko yana layi, ko yana amai, to ko ɗigo kada a ba shi.

Abubuwan da za a kawo muku, ku ƙi

Nan ne ake buƙatar mai taurin kai a gida, domin maƙwabta za su cika tsakar gida kuma kowa da niyyar alheri ya zo.

Sa amai shi ne na farko. Abin da ya ƙone hanyar abinci yana sauka zai sake ƙone ta yana hawa, kuma a dawowarsa yana iya faɗawa huhu. Don haka ba yatsa, ba ruwan gishiri, ba gashin kaza. Ruwan gishiri ma da kansa guba ne ga yaro, balle an haɗa shi da bilic wanda shi ma gishirin sodiyam ne a cikinsa. In amai ya zo da kansa, kada a toshe masa baki. A sunkuyar da shi gaba, a goge masa baki, a lura ko akwai jini ko wani baƙi-baƙi kamar dusar shayi a ciki don a gaya wa likita.

Sai manja, wanda ya zama maganin kowace guba a gidajenmu. Ba ya kashe bilic. Abin da yake yi shi ne tayar da zuciya, kuma yaron da ake danne wa hannu ana ɗura masa mai yana kuka, man kan sarƙe shi ya wuce huhu. Mai a huhu ba ya fita da sauƙi, yana jawo ciwon huhun da zai iya fin bilic ɗin wahalar magani. Man gyaɗa, man shanu da ɗanyen ƙwai duk hukuncinsu ɗaya.

Masu ɗan karatu kuma sukan ce a ba shi tsami don ya kashe kaifin sinadarin: lemun tsami, tsamiya, ruwan kal. Wannan ya fi manja muni. Bilic in ya haɗu da tsami, iskar kulorin yake fitarwa tare da zafi, kuma a cikin tumbin mutum za a yi haɗin. Gawayi, ko na murhu ko na kemis, ba ya kama bilic, sai dai ya baƙanta ciki ya hana likita ganin rauni idan an zo dubawa. Addu'a da tofi a yi su a hanya, babu abin da suka hana. Rubutun sha dai a ajiye shi sai likita ya ce an fara sha.

Hanyar asibiti

Alamomin da ke cewa a tashi yanzu su ne dalalar miyau, ƙin haɗiya, dishewar murya, tari ko sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji ko baya, ciwon ciki mai tsanani, amai da ya ƙi tsayawa ko mai jini, da magagi. Kada ku dogara da duba baki. Mutum kan sha, bakinsa fes babu tabo, amma hanyar abinci da tumbi sun ƙone, domin ruwa ba ya daɗewa a baki.

A Najeriya lambar gaggawa ita ce 112, a Nijar kuma ana kiran 'yan kwana-kwana a 18. Ku kira, amma in mota ko adaidaita sahu na kusa, kada ku zauna jira. Mai farke ya tafi a zaune. Wanda hankalinsa ya gushe a kwantar da shi a gefe ɗaya, baki na kallon ƙasa, wani na riƙe da kansa. Ku tafi da gorar ko ledar a ɗaure cikin wata leda, ku riƙe lokacin da abin ya faru. In na haɗin gida ne kuma kun san mai sayarwa, wani ya kira ta a waya ya tambayi abin da ta zuba, ba da faɗa ba. Amsar "akwai soda a ciki" kaɗai na iya canza duk shawarar likita.

Kemis ba wurin wannan ba ne. In numfashi ya fara wahala, asibiti mafi kusa za a nufa, ko wane iri ne. In numfashi lafiya amma akwai sauran alamomin, gara babban asibiti, domin na'urar leƙa ciki ba ko'ina take ba. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri, ko babban asibitin ƙasa na Yamai, su ne inda ake sa ran samunta. In ƙaramin asibiti kuka fara zuwa, ku nemi takardar turawa tun ranar, kada a kwana biyu ana ƙarin ruwa kawai.

A bakin sashen gaggawa ku faɗi gaskiya dalla-dalla: abin da aka sha, nawa ya rage a gorar, ƙarfe nawa, ya yi amai ko bai yi ba, da abin da aka ba shi a gida, har manjan in an riga an ba shi. In mace ce mai ciki, a faɗa kafin a ɗauki hoto.

Abin da likitoci za su yi

Numfashi za su fara dubawa. Kumburin maƙogwaro kan ƙaru cikin awanni, don haka in sun ga alamarsa za su so sa bututun numfashi tun hanyar ba ta rufe ba, wani lokacin a ɗakin tiyata. Dangi kan firgita su ce ai yana magana, me ya kawo bututu? Dalilin ke nan: in aka jira ya daina magana, sa shi ya zama da wuya, sai an huda wuya.

Daga nan a hana shi ci da sha, a sa ƙarin ruwa, a ba shi maganin zafi da na tsayar da amai ta jijiya, da maganin rage tsamin ciki irin su omefrazol. Za a ɗebi jini, domin bilic mai yawa na ɗaga sodiyam da kulorayid a jini, ya kuma sa jinin ya yi tsami, kuma ana gyara wannan ne sannu a hankali da irin ruwan da ake ƙarawa. Za a ɗauki hoton ƙirji da ciki don ganin ko iska ta fita inda bai kamata ba, wanda ke nuna hanyar abinci ko tumbi ya huje. Inda akwai hali ana yin hoton siti-sikan, wanda ke nuna zurfin ƙunar a bangon hanyar.

Abu ɗaya da ba a yi shi ne wankin ciki. An saba jin "an wanke masa ciki" a sauran guba, har dangi kan ga kamar likita ya yi sakaci in bai yi ba. Zura roba a makance cikin hanyar da ta ƙone na iya huda ta, ya kuma jawo aman da ake gudu. In kun ga ana shirin yi a ƙaramin wuri, ku sake jaddada cewa bilic ne ko soda, ku roƙi a tuntuɓi babban likita.

Gwajin da ke raba gardama shi ne endoskofi: a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a ga hanyar abinci da tumbi ido da ido. Lokacinsa mafi kyau cikin awa 12 zuwa 24 ne, in ma an makara kada ya wuce awa 48. Dalilin saurin shi ne yadda ƙunar ke tafiya. A kwanakin farko wurin kumbura yake yi. Wajen kwana na huɗu zuwa na bakwai mataccen naman ya fara saɓulewa, kuma daga nan har ƙarshen mako na biyu bangon hanyar kan yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Shi ya sa likitoci ke guje wa zura komai tsakanin kwana na 5 da na 15. Wanda ya zauna a gida kwana biyar yana jiƙe-jiƙe, ya zo a daidai lokacin da ba a iya duba shi.

Abin da aka gani ana auna shi da wani ma'auni da likitan Indiya, Zargar, ya tsara, daga mataki na 0 zuwa na 3. A mataki na 1 da farkon na 2, ja ne da kumburi da ƙananan gyambo a sama-sama; irin waɗannan kan fara shan ruwa cikin kwana ɗaya ko biyu, sai kunu, sai sallama, kuma yawanci ba ya barin matsala. Yawancin masu shan bilic na kamfani a nan suke tsayawa. In gyambon ya yi zurfi ko ya zagaye hanyar, ko an ga wuraren da nama ya mutu ya yi toka-toka ko baƙi, zaman ya yi tsawo: ana ciyar da shi ta robar da aka sa ana gani da kyamara, ko ta wadda aka sa a hanji ta fatar ciki, ko ta jijiya. In naman ya mutu da yawa ko an samu huji, sai tiyatar gaggawa da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi. Zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ciki ya ƙame, ko sabon ciwon ƙirji a kwanakin nan, mai jinya ya kira ma'aikaciyar jinya nan take ko da tsakar dare ne.

Allurar rage kumburi ta sitiroyid akwai saɓani a kanta. Ana amfani da ita don kumburin maƙogwaro, wasu likitocin yara kuma kan ba da ita na 'yan kwanaki a wani mataki na ƙuna, amma ba kowa ake ba wa ba, kuma ba abin saye a kemis ba ce.

Mai jinya yana da aiki guda mai wuya: hana 'yan dubiya ba shi abu a ɓoye. Mara lafiya zai roƙi ruwa, inna za ta zo da kunu a fulas. "Kada a ba shi komai ta baki" na nufin komai.

Yaron da ya ɗan kurɓi na kamfani kuma babu wata alama, yawanci ana sa masa ido na awa huɗu zuwa shida, in ya sha ruwa lafiya a sallame shi ba tare da an leƙa ciki ba.

In da gangan aka sha

Kunya da tsoron surutu kan sa dangi su ce kuskure ne. Wannan ɓoyon yana da hatsari, domin likita zai ɗauka kurɓi ne alhali kofi ne, kuma mai irin wannan niyya kan haɗa da ƙwayoyi ko fiya-fiya, waɗanda nasu maganin daban ne. Ku ja likita gefe ku gaya masa. Kada a yi wa mara lafiya faɗa ko wa'azi a kan gado, kada a bar shi shi kaɗai, kuma kafin sallama ku nemi likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi. Asibitocin koyarwa suna da sashen, akwai kuma asibitocin tarayya na musamman a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri. Kafin ya dawo gida a kwashe bilic, maganin ƙwari, shinkafar ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai. Makonnin farko bayan sallama su ne aka fi bukatar wani na kusa da zai zauna da shi ya saurare shi.

Wanda ya shaƙa, ba sha ya yi ba

Wannan kan faru a banɗaki, in an haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid don wai ya fi fita. Iskar da ke tashi tana sa tari, hawaye da ƙuncin ƙirji. A fitar da mutum waje ya sha iska, a buɗe ƙofa da taga, kada wani ya koma ciki sai warin ya tafi. In tarin bai lafa ba, ko mai asma ne, ko numfashi na fita da ƙara, a kai shi asibiti, domin huhu kan tara ruwa bayan wasu awanni.

Bayan sallama

Sallama ba ita ce ƙarshen magana ba ga wanda ƙunarsa ta yi zurfi. Daga mako na uku tabo ke fara tsukewa, kuma yawancin masu samun ƙuncin hanyar abinci cikin wata biyun farko yake bayyana. Yana zuwa a hankali: nama ya fara tsayawa a ƙirji, sai tuwo, sai mutum ya koma kunu da koko yana ramewa. Yaro ba zai faɗa ba, sai dai a ga yana tauna abinci ya daɗe a baki, yana tofarwa, ko yana amai da zarar ya ci. In mafitar tumbi ce ta tsuke, sai a ga saurin ƙoshi da aman abincin da aka ci tun jiya. Duk wanda aka ga haka a mayar da shi asibitin da ya kwanta, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.

Likitoci kan sa a yi hoton da ake shan farin ruwan bariyom wajen mako na uku ko na huɗu don ganin faɗin hanyar. In ta tsuke, ana buɗa ta da balan-balan ko robobi masu girma daban-daban, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Wani sai an maimaita sau da yawa cikin watanni. In buɗawar ta gagara, akwai tiyatar da ake ɗauko wani yanki na hanji ko tumbi a yi sabuwar hanya da shi. A gida a bi abinci mai laushi, kaɗan-kaɗan sau da yawa, a rage yaji da tsami da abu mai zafi sosai, kada a kwanta da zarar an ci, a kuma riƙa auna nauyin yaro duk mako biyu. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak a bar su sai da izinin likita, domin suna cin bangon tumbi.

Wanda ya samu ƙuna mai zurfi yana da ƙarin hatsarin kansar hanyar abinci bayan shekaru masu yawa, sau da yawa ashirin ko fiye. Don haka a adana takardar sakamakon endoskofi, yaron in ya girma a gaya masa abin da ya faru, kuma duk ranar da haɗiya ta sake yi masa wuya, ko yana da shekara arba'in, ya fara gaya wa likita wannan tarihin kafin komai.